Littafin Kaboyi na Yaya Yusha'u

Batsari,
21 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Tasalla da duk mutanen gida. Yaya zaman Safana bayan shekara bakwai a soja? Mu nan lafiya lau, sai Baba da ƙafarsa ta ɗan motsa, amma bai fasa zuwa gonarsa ta Ruma ba. Ruwa ya zauna bana, alhamdu lillahi, gero ya wuce gwiwa.

Armaya'u direba ya kawo mini littafin kaboyin da ka aiko don Turancina ya ƙara ƙarfi kafin mu shiga aji huɗu. Na gode ƙwarai. Bangonsa ya fita, shafin farko ma babu, don haka ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Kwana huɗu na yi na gama.

Ka ce in faɗa maka gaskiyar abin da na gani, to ka yi haƙuri da ni. Ban taɓa karanta irinsa ba. Tun a shafi na shida aka harbe wani saurayi a bakin ruwa yana shayar da shanu. Ƙasar tasu ta yi mini kama da tamu da bazara, ga ƙaya, ga shanu ramammu, ga rigima a kan ruwa. Sai dai su a kan doki suke kiwo, kuma kowa da bindiga a ƙugu yadda namu suke saɓa sanda.

Wan saurayin ya bi mutum tara ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga. Abin da ya fi damuna shi ne ba wanda aka yi wa wanka, ba wanda aka yi wa ko irin addu'arsu. Na huɗun ma a tsakiyar hanya aka bar shi, mutane suka koma shan giyarsu. Na yi ta jira in ga matarsa ta fito, ko a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa. Shiru. Marubucin ya cinye shafi biyu yana kwatanta sirdin doki, amma mutum sai ya mutu a layi ɗaya.

Ga kuma abin da nake jin kunyar faɗa, ko Inna ban gaya wa ba. Na kasa ajiye shi. An bar ni da tsaron miya, ta kama ina zaune kusa da ita. Da ya kai ga na taran, wanda shi ne ya fara harbi, sai na ji ina cewa a raina, yauwa, harbe shi. Da ya faɗi kuwa na ji sanyi a ƙirjina. Bayan nan na tashi na yi alwala. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba.

Na ga ka ja layi da fensir a wurare da yawa. Ina tsammanin kalmomin da suka ba ka wuya ne. In kana so zan duba maka su a ƙamus.

Ka gaishe mini da Gwaggo da kyau.

Ƙanwarka,
Zuwairatu.

*

Safana,
28 ga Yuli, 1974.

Malama Zuwaira 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji lafiyarku mun gode Allah. A ce wa Kawu ya rage tafiyar Ruma a ƙasa. Inna, gwaggonki, lafiya. Na karanta mata gaisuwarki, sauran na bar wa kaina.

Ƙamus kuma? Mutumin da ya shekara bakwai ana yi masa tsawa da Turanci? Ki bar ƙamus ɗinki, maƙona miya, kalmomin nan duk na san su.

Layi ɗaya a takardarki na karanta ya fi sau goma, inda kika ce kin ji sanyi a ƙirjinki. Tun da na dawo ba wanda ya faɗa mini magana mai kan gado sai ke. Kowa haƙuri, haƙuri, har kunnena ya gaji.

Kin san ƙanena Uwaisu ya rasu, amma kina makaranta lokacin, ba na jin an gaya miki yadda aka yi. Bazarar bara da rijiyoyi suka ƙafe, ya kora shanunmu zuwa Tsaskiya. Shi ya riga kowa isa bakin rijiya. Wani Jafaru ya zo ya ce shi ne a gaba. Magana ta yi magana, ya ɗaga gora ya buge shi a ƙeya. Guga ce a hannun Uwaisu, ko sanda bai riƙe ba. Ni ina can kudu, sai da takarda ta yi wata biyu kafin ta same ni. Kafin nan dattawa sun zauna sun sa Inna ta ce ta yafe jini a gaban alƙali. Wata takwas Jafaru ya yi a ɗaure. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi da idona a wurin awaki, yana ciniki yana dariya. Ya yi ƙiba, Zuwaira.

Littafin nan wani abokina ya bar mini a bariki. Sau uku na karanta shi bayan labarin ya same ni. Mutumin da ke cikinsa bai jira kowa ya ba shi izini ba. Ni ma akwai aikin da ya dawo da ni gida, kuma ba noma ba ne. Kada ki ji kunyar zuciyarki, ta gidanmu ce. Ki bar wannan tsakanina da ke.

Yayanki,
Yusha'u.

*

Batsari,
1 ga Agusta, 1974.

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Ka gafarce ni, yau ba zan iya tsawaita gaisuwa ba.

Wallahi ba haka nake nufi ba. Na faɗa maka abin nan ne don ina jin kunyarsa, ina so babba ya ce mini ba komai, ko ya yi mini faɗa. Ban faɗa don ka ɗauka ina tare da kai ba.

Da na gama karanta takardarka na koma littafin. Layukan da ka ja ba a ƙarƙashin kalmomi masu wuya suke ba. Ka ja inda mutumin ya zauna ya lura da ranakun da abokin gabarsa yake shigowa gari. Ka ja inda ya ce gara a yi da rana cikin jama'a don kowa ya gani. A shafin ƙarshe an rubuta wani abu an goge. Na fita tsakar gida na ɗaga shi a rana. Sunan Jafaru ne.

Yaya, na yi tunani a kan sanyin da na ji. Na taran nan marubucin bai ba shi kowa ba, ba uwa, ba ɗa, ba maƙwabci. Mugun ido kawai ya ba shi da tabo a kumatu, don in an kashe shi kada mai karatu ya ji komai. Dabara ce, kuma ta kama ni. Jafaru kuwa na tambayi Inna a fakaice, ta ce 'ya'yansa mata uku, babbar ba ta kai tallar nono ba. Kuma shi na littafin da ya gama sai ya hau doki ya shige daji, labari ya ƙare. Kai ina za ka shiga? Washegari gari zai waye a Safana, mutanen Tsaskiya suna nan, 'yan sanda suna nan, Gwaggo za ta fita ɗiban ruwa ana nuna ta.

Ban san Uwaisu kamar yadda ka san shi ba. Amma shi ya koya mini tatsa ina 'yar shekara tara, saniya ta shure ƙwaryar, ya ce a faɗa wa Gwaggo shi ya zubar. Da labarin ya same ni a makaranta kwana biyu ban shiga aji ba. Ban ce ba a zalunce ku ba.

Ka rubuto ka ce mini tsokana ce irin wadda ka saba. Zan yi fushi na kwana ɗaya in huce.

Ƙanwarka,
Zuwairatu.

*

Batsari,
15 ga Agusta, 1974.

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Baba ya ji sauƙin ƙafa. Ni ce dai ba na iya cin abinci, Inna ta ce ciwon shawara ne, tana ta jiƙa mini saiwa ina sha.

Mako biyu ke nan ban ji daga gare ka ba. Makon farko motar Armaya'u ta kafe a gulbi, na ce shi ke nan, takarda ba ta isa ba. Jiya ya zo, ya ce a hannunka ya sa ta, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa aljihu, ka ce babu saƙo.

Sannan suna hira da Baba a zaure, na kawo musu ruwa, sai na ji yana cewa, ai sojan naku ya koma maharbi, kullum yana gidan wani mai farauta suna gyaran bindiga. Baba ya yi dariya ya ce to zabbin daji sun shiga uku. Ni kuwa sai da ruwan ya zuba a tabarma.

Sau biyu na je zan gaya wa Baba. Na isa bakin ƙofa na durƙusa, abin da ya fito daga bakina shi ne, Baba a kawo abinci? Ka san ni, ko a aji in malama ta kira sunana sai muryata ta ɓace. Kuma ina tsoro. In Baba ya ji, wurin hukuma zai nufa, a zo a ɗaure ka a gaban Gwaggo kan abin da ba ka riga ka yi ba.

Na sake karanta littafin tun daga farko, ba don daɗi ba, ina neman inda wani ya tsayar da shi in ga yadda aka yi. Babu. Mace ɗaya ta gwada, mai sayar da abinci, ta riƙe linzamin dokinsa. Ya taɓa hularsa ya ce mata ta gusa, ta gusa. Na tsani littafin nan, Yaya, kuma na fi tsanar cewa har a karo na biyu da na zo wurin na taran zuciyata ta yi sauri.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Zuwairatu.

*

Safana,
20 ga Agusta, 1974.

Zuwairatu,

Salam. Muna lafiya. Na ga takardunki biyu. Ashe kuskure na yi, na ɗauka na samu mutum.

Kina koya mini bambancin takarda da gaskiya. Ke takarda kika sani. Ni na ga yadda mutum yake faɗuwa, na ji abin da yake kira in ya faɗi, ba sai 'yar aji uku ta yi mini darasi ba. Kina ƙirga mini 'ya'yansa. Uwaisu fa, nawa ya bari? Ko lallen aurensa ba a kai ga sawa ba.

Ki daina wahalar da kanki, ki ci abinci, ki shirya komawa makaranta. Kasuwar farkon wata zan gama abin da nake yi. Ki ba Armaya'u littafina. In kika kai maganar nan wurin Kawu, ba ni ba ke har abada. Inna kuwa ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani ba sai an gama. Abin da ta sha ya isa.

Yusha'u.

*

Batsari,
24 ga Agusta, 1974.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka ko ba ka so. Ga littafinka.

Ban gaya wa Baba ba. Amma a cikin ambulan nan akwai takarda ta biyu, kuma ba taka ba ce, ta Gwaggo ce. Na roƙi Armaya'u ya shiga ya gaishe ta, ya ce mata Zuwairatu ta aiko mata da wasiƙa tata ta kanta, tana hannunka, kuma doguwa ce. Shi bai san abin da ke ciki ba.

Ka san Gwaggo. Ba ta yarda bare ya karanta mata takardar gida, ko malamin makaranta ne. Kai za ta jira. Za ka iya yaga ta. Za ka iya riƙe ta a gabanta ka karanta mata abin da ba shi ne a ciki ba, ba wanda zai sani sai ni da kai da Allah. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, ban samu wata hanya ba. In ka daina kula ni na yarda.

Zuwairatu.

Zuwa ga Gwaggo Tasalla,

Gwaggo, ina durƙushe ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya damina, yaya haƙurin rashi? Allah ya jiƙan Uwaisu, ya sa yana cikin rahama. Baba da Inna suna lafiya, ba su san na rubuto ba.

Da a gabanki nake ba zan iya buɗe baki ba, shi ya sa na sa a takarda. Ki yafe mini abin da za ki ji.

Wanda yake karanta miki wannan ya yi niyyar kashe Jafaru na Tsaskiya ranar kasuwar farkon wata. Ya nemi bindiga wurin mai farauta. Ba jita-jita ba ne, shi ya rubuto mini. Ni ma ina da laifi, don na faɗa masa wata magana kan wani littafin Turawa da ya ba ni, ya ɗauka na goyi bayansa.

Gwaggo, kin yafe jinin Uwaisu a gaban mutane. Shi yana ganin tilasta miki aka yi, kuma ba a tambaye shi ba. Ba na jin an taɓa zama an gaya masa dalilinki. Ni ma ban san shi ba. Maganata ba ta kai ta tsayar da shi ba, na gwada sau biyu. Taki ce kawai ta rage.

'Yarki,
Zuwairatu.

*

Batsari,
3 ga Satumba, 1974.

Yaya Yusha'u,

Salam. Kwana goma. Armaya'u ya tafi Katsina gyaran mota, ba wanda zan tambaya. Duk wanda na ji an ce daga wajen Safana yake sai in laɓe bayan zana in saurara. Jiya wani ya ce an yi hayaniya a kasuwarku, ashe sa ne ya ɓalle. Zan ba mai kai goro wannan, ban sani ba ko za ta isa, ban ma sani ba ko kana inda takarda take samun mutum.

Zuwairatu.

*

Safana,
6 ga Satumba, 1974.

Ɗiyata Zuwaira,

Ni ce Tasalla ke magana, Yusha'u ke rubutu. Na ce mashi ya sa yadda na faɗa, kar ya gyara mani. Ina gaishe ki, ina gaida babanki da innarki. Muna lafiya. Ki ci abinci, an ce mani kin zama kamar kara.

Kwana uku takardarki na aljihunshi. Kullum in ce ina takardata, ya ce ido ke mashi ciwo. Ran na huɗu da hantsi na jawo tabarma na zauna ƙofar ɗakinshi na ce ba ni tashi. Ya fiddo ta. Ya karanta gaisuwa ya tsaya. Na ce an ce mani doguwa ce. Sannan ya ci gaba. Da ya kai wurin sunan mutumin nan ya dakata, sai da na miƙa mashi ruwa. Bai tsallake komi ba. Na san ɗana in yana ƙarya, tun yana satar ƙuli na sani.

Kin ce in faɗi dalilina, to na faɗa mashi, ke ma ki ji. Ba dattawa suka sa ni ba, wa ya isa. Ranar nan Jafaru ne da kanshi ya goyo Uwaisu daga bakin rijiya har hanyar mota, yaron na da sauran numfashi, shi kuma yana ihu a taimake shi. Kafin su iso nan rai ya yi halinshi. Ya kwantar da shi a zaurenmu, ya zauna a ƙasa da jini a rigarshi, ya miƙa hannuwa ya ce a ɗaure shi. Ni na gani, ba labari aka ba ni ba.

Amma ba don haka na yafe ba. Har gobe in na hango shi sai in kau da kai. Na yafe don ɗa guda ya rage mani kuma na san halinshi. Na ce in na rufe maganar kafin ya dawo ba zai samu wurin shiga ba. Laifina da ban zaunar da shi na gaya mashi ba. Na ga kamar in ban taɓa maganar ba, za ta kwanta.

Ranar kasuwa tun da safe na sa ya maida bindiga wurin mai ita, ina tsaye ina kallo. Sannan na ce ya kai ni kasuwa. Ya ce Inna mi za ki saya, na ce ba ruwanka. Na riƙe gefen rigarshi kamar makauniya, na ja shi ta wurin awaki, don in ba a gabana ya ga Jafaru ba, wata rana zai gan shi ba ni nan. Yana nan kuwa. Da ya hango mu ya saki igiyar akuya ya durƙusa. Yusha'u ya tsaya. Mutane suka yi tsit. Ni kuwa ban saki rigar ba. Can ya ce, Inna mu tafi, rana ta yi zafi. Muka sayi gishiri muka dawo gida.

Allah ya yi maki albarka, ya ba ki sa'ar karatu. Amma ki riƙa kula da abin da kike karantawa, ke da shi duka.

Gwaggonki,
Tasalla.

Zuwaira, na rubuta yadda ta faɗa. Ban yafe masa ba, kada ki ɗauka haka. Ke ma ban san ko na yafe miki ba tukuna. Amma na yi wa Inna alkawari hannuna cikin nata, kuma ba zan karya ba. Kasuwa kowane mako take ci, shi ma kowane mako yana zuwa. Na ce mata zan riƙa bi ta layin masu gishiri. Ki sa ni a addu'a, kada ki rubuto yanzu.

Yusha'u.